Ja a Hagu, Kore a Dama: Daga Lagwani Zuwa LED a Kan Jirgin Ruwa

Wanda ya taɓa leƙa gidan tarihin jiragen ruwa a Turai, ko ya ga hoton tsofaffin fitilun jirgi, zai iya lura da wani abu mai ɗaure kai. Fitilun biyu-biyu suke zuwa kamar tagwaye, na tagulla, kowace da tankin mai da lagwani. Ɗaya gilashinta ja ne, wannan ba gardama. Ɗayar kuwa, wadda doka ta ce ta ba da koren haske, sau da yawa in ka duba gilashinta da rana sai ka ga ya fi kusa da shuɗi. Ba kuskuren masu ƙira ba ne. Harshen wutar kananzir rawaya ne, kuma idan rawayan haske ya ratsa gilashi mai shuɗi-shuɗi, kore yake fitowa. Wanda ya yi gilashin ya san irin wutar da za a kunna a bayansa, kuma dominta ya yi shi.

Na fara da wannan gilashi ne domin maganarmu ta yau a kansa za ta dawo. Cikin shekaru 20 da suka wuce, a tasoshin ƙananan jiragen ruwa na Turai da Amurka, an yi wani aiki sannu a hankali ba tare da shela ba: masu jirage sun riƙa cire tsofaffin ƙwayayen lantarki suna sa na LED. Ga mai ji daga nesa, canjin ƙwan lantarki bai kai abin da za a zauna a rubuta tarihinsa ba. Amma da wannan canji aka kashe wata matsala da ta girmi kakanninmu, kuma da shi aka tono wasu da ake zaton an binne.

Jirgin da nake nufi shi ne wanda iska ke turawa. Yana da doguwar sanda a tsaye a tsakiyarsa, wadda za mu kira jigo, da manyan ƙyallaye da ake ɗaura mata su kama iska. Don sauƙi mu ce masa jirgin ƙyalle. Ba baƙo ba ne ƙwarai a tarihinmu, domin alhazan da suka bi ta ƙasa a zamanin da, da suka isa Sawakin a gaɓar Sudan, da yawansu a irin wannan jirgi suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda.

Abu na farko da mutumin tudu zai gyara a tunaninsa shi ne amfanin fitilar. Direban mota yana kunna fitila don ya ga hanya. A tsakiyar teku kuwa babu abin da fitila za ta haska wa matuƙi. Hasali ma haske kashe masa ido yake yi, domin idon mutum yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma walƙiya guda ta isa ta rushe wannan sabo. Fitilar matuƙi don wani aka kunna ta, wani baƙo da ke tsaye a kan wani jirgi can nesa, don ta gaya masa cewa ga jirgi nan, ga irinsa, ga inda ya dosa.

Lokacin da ake tafiya a duhu

Shekaru aru-aru jiragen ƙyalle sun yi ta yawo da dare ba fitila, ko da 'yar guda ɗaya a baya. Suna da dalilansu. Jirgin na katako ne, an shafe shi da kwalta, ga igiyoyi ga ƙyalle, wani lokaci ga albarushi a cikinsa, don haka babu abin da ma'aikatansa ke tsoro kamar gobara. Mai kuma tsada gare shi. Sannan akwai dalilin da ya fi waɗannan zurfi, wato iska ɗaya ce ke tura kowa. Ƙwararren matuƙi in ya hangi inuwar wani jirgi, tunda ya san inda iska ke kaɗawa, ya san hanyoyin da wancan zai iya bi da waɗanda suka fi ƙarfinsa.

Jirgi mai tururi ne ya ɓata wannan lissafi. Shi ba ruwansa da iska, yana iya ɓullowa ta kowace fuska, da gudu, daga baya ma da jikin ƙarfe. Karo ya yawaita. A 1838 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa jiragen tururi ɗaukar fitila daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, amma ba ta faɗi launi ko mazauni ba. A 1848 hukumar sojan ruwan Birtaniya ta fito da tsarin da ake kai har yau: ja a hagu, kore a dama, fari a sama. A 1858 aka shigo da jiragen ƙyalle cikin maganar fitilu masu launi. A 1863 Birtaniya ta tsara sababbin ƙa'idoji bisa shawara da Faransa, kuma kafin 1864 ta ƙare ƙasashe fiye da 30 sun karɓe su. An yi ta gyara, ciki har da babban taron da aka yi a birnin Washington a 1889, har aka zo kan yarjejeniyar 1972 ta hana karo a teku, wadda ta fara aiki ranar 15 ga Yulin 1977.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne yadda aka raba da'ira. Jar fitila tana haska digiri 112.5, daga goshin jirgi sak zuwa ɗan bayan kafaɗarsa ta hagu. Koriya tana yin haka ta dama. Farar da ke baya tana ɗaukar digiri 135 da suka rage. In ka haɗa, 360 ne cif, ba gibi ba hawan juna. Wannan lamba ta 112.5 da ta yi kama da ta son wahala, gado ce daga tsohon kamfas na matuƙa mai gida 32, kowane gida digiri 11.25, gida goma kenan. Saboda haka wanda ya hangi ja kaɗai ya san gefen hagun jirgi yake kallo. Wanda ya hangi ja da kore tare ya san kansa aka nufo. Jirgi mai inji yana ƙara farar fitila a sama, jirgin ƙyalle ba ya ƙarawa, kuma rashin wannan farar shi ne shaidarsa, shi ke gaya wa mai inji cewa a mafi yawan lokuta shi ne zai kauce. Harshe ne mai kalmomi uku da Bagirike da Bajapane da ɗan Filifin ke ji ba tare da tafinta ba.

Dokar ta kuma faɗi nisa. Ga jirgin da bai kai mita 12 ba, fitilun gefe su kai a gan su daga mil 1 na teku, wato mita 1,852, ta baya kuma daga mil 2. A ma'aunin ƙarfin haske da ake kira kandela, wanda ɗaya daga cikinsa ya yi kusan hasken kyandir guda, mil 1 yana buƙatar 0.9, mil 2 kuma 4.3. A dubi ƙanƙantar abin. Babban jirgin da ke gudun mil 20 a awa yana cinye mil 1 cikin minti 3. Tsakanin mutanen da ke cikin ƙaramin jirgi da ƙarfe mai nauyin tan dubbai, abin da doka ta tanadar shi ne hasken kyandir ɗaya da minti uku.

Daren 22 ga Janairun 1873 ya nuna wanda ke biyan kuɗin kuskure. Wani jirgin ƙyalle mai suna Northfleet, ɗauke da leburori da iyalansu da za su aikin shimfiɗa layin dogo a Tasmaniya, ya tsaya kusa da Dungeness a kudancin Ingila yana jiran iska ta gyaru. Ya jefa anka, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a wuri guda, kuma fitilarsa ta tsayuwa tana ci. Wajen ƙarfe goma da rabi wani jirgin tururi na Sifen mai suna Murillo ya zo ya banke shi, ya ja da baya, ya ɓace cikin duhu. Mutum 293 suka halaka. Ba fitila ce ta gaza a wannan dare ba, amma tun daga lokacin matuƙan ƙyalle ba su rasa abin tunawa ba: in aka yi karo su ne ke nutsewa, don haka su suka fi kowa buƙatar a gan su da wuri.

Lagwani, sannan batir

Lokacin da aka kafa dokar 1848, man kitsen manyan dabbobin teku da man tsirrai ake zubawa a fitila. Kananzir ya shigo jim kaɗan bayan haka. Abraham Gesner a Kanada da James Young a Sikotilan sun gano yadda ake tace shi daga kwal, sannan rijiyar man da Edwin Drake ya haƙa a Pennsylvania a 1859 ta sa ya yi araha. Gilashin kuwa ya amfana da aikin Augustin Fresnel, injiniya Bafaranshe, wanda ya ƙirƙiro gilashi mai zobe-zobe da ke tattara haske ya miƙa shi a kwance, maimakon ya watse sama da ƙasa inda ba mai kallo. An fara kunna irinsa a hasumiyar haske ta Cordouan a 1823, daga baya ƙananansa suka sauko cikin fitilun jirage.

Fitilar mai tana son hidima. A manyan jirage akwai ma'aikacin da aikinsa kenan, datse lagwani da goge baƙin hayaƙi da cika tanki. Duk wanda ya tashi a gidan da ake wanke ƙwan fitila da la'asar ya san aikin, sai dai ya ƙara masa tangaɗin teku da feshin ruwan gishiri da iskar da ke hure wuta a tsakiyar dare. Joshua Slocum, mutum na farko da ya kewaye duniya shi kaɗai a jirgi, daga 1895 zuwa 1898 a kan Spray mai tsawon mita 11 da ɗoriya, da fitilar mai ya yi tafiyarsa. A Nuwamban 1909 ya sake fita a wannan jirgi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, kuma cikin hasashen da aka yi akwai cewa jirgin tururi ne ya bi ta kansa da dare.

Lantarki ya hau teku da wuri. A 1880 aka sa wa jirgin tururi Columbia ƙwayayen lantarkin Thomas Edison, kuma manyan jirage ba su waiwaya ba, tunda suna da injin da ke juya janareta dare da rana. Ƙaramin jirgin ƙyalle ba shi da wannan gata. Ya daɗe a kan kananzir, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman daga shekarun 1960 da aka fara ƙera ƙananan jirage da yawa masu ɗan injin taimako, batir ya zama abin da kowa ke da shi. Irin batirin mota ne, na dalma da ruwan asid mai bolt 12, wanda asalinsa ƙirar Gaston Planté ce ta 1859.

A nan matsalar ta sake kama. Ƙwan lantarki mai zaren ƙarfe murhu ne da ke ɗan ba da haske, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. Ɗan hasken da ya samu kuma fari ne, ga shi doka na son ja da kore. Gilashi mai launi ba ya ƙirƙirar launi. Tare sauran launuka yake yi ya bar ɗaya ya wuce. Wato an ƙona wuta an sami ɗan haske, sannan an zubar da mafi yawansa a bakin gilashi.

Mai karatun da ke da sola da inbata a gida ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da ya biyo baya. Ƙwai mai wat 25 a kan bolt 12 yana jan amfiya 2 da 'yan kai. A dare mai awa 11, ma'auni 23 kenan. Batir mai ma'auni 100, wato wanda a takarda zai ba da amfiya 1 na tsawon awa 100, rabinsa kawai ake taɓawa in ana son ya yi ƙarko. To fitila guda ta cinye kusan rabin abin da kake da shi kafin asuba, ba a yi maganar fitilun ɗaki ba, ba a yi ta rediyo ba, ba a yi ta na'urar da ke riƙe akalar jirgi in matuƙi ya gaji ba. Mafita ita ce a tada inji awa ɗaya ko biyu kullum don cajin batir, da man dizal ɗin da aka auna da ƙyar. Mai ƙetare Atlantika daga tsibiran Kanari zuwa Karibiyan yana da kimanin mil 2,700 a gabansa, tafiyar kusan mako uku, ba gidan mai a hanya.

Dokar 1972 ta yi rangwame. Ta yarje wa jirgin ƙyalle ƙarami, a yau wanda bai kai mita 20 ba, ya haɗa fitilun uku a gida ɗaya a can ƙolin jigo, ƙwai guda a tsakiya da gilashi mai launi uku kewaye da shi. Ƙwai ɗaya maimakon biyu ko uku, kuma a sama inda raƙuman ruwa ba sa ɓoye shi. Dabara ce mai kyau, amma ba ta isa ba. Sirri ne da kowa ya sani a cikin masu dogon zango cewa da yawa sukan kashe fitila in sun yi nisa da gaɓa, su ce za su kunna in sun hangi jirgi. Wasu kuma su cire ƙwai mai wat 25 su sa mai wat 10. Ba na ganin waɗannan mutane a matsayin sakarkaru. An ba su zaɓi ne tsakanin haɗarin da ƙila ya zo da mutuwar batir da tabbas za ta zo, kuma ɗan Adam ya san wanda yakan zaɓa.

Abin da raunin haske ke jawowa ya fito fili a Agustan 2006. Wani ƙaramin jirgin ƙyalle mai suna Ouzo, da bai kai mita 8 ba, ya tashi daga Bembridge a tsibirin Wight da yamma da mutum uku a ciki, ya nufi Dartmouth. Bayan kwana biyu aka fara tsintar gawawwakinsu a ruwa. Jirgin kansa ba a taɓa samo shi ba. Hukumar binciken haɗurran teku ta Birtaniya ta kammala cewa babban jirgin fasinja Pride of Bilbao ne ya buge shi ko ya wuce daf da shi har ruwa ya cika shi, ko da yake kotu daga baya ba ta sami jami'in da ke kan aiki da laifin kisa ba, kuma masu kare shi sun nuna wani jirgi daban. Abin da ya shafe mu shi ne ƙananan abubuwan da rahoton ya jero. Ouzo bai fito a na'urar rada ba. Mai tsaron babban jirgin bai daɗe da karɓar aiki ba, idonsa bai gama sabawa da duhu ba, ga shi sanye da tabarau mai sauya launi da ke rage haske ko da dare. Rahoton ya kuma ja hankali ga yadda gilashin roba na fitilun ƙananan jirage ke tsattsagewa da tsufa ya dusashe hasken. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne, amma daga minti ukun nan duk suke gutsura.

Haske mai launinsa

LED ba zare yake ƙonawa ba. Wani ɗan ƙanƙanin ƙyastu ne mai hawa biyu, wanda in wuta ta ratsa mahaɗarsu sai haske ya fito kai tsaye, kuma sinadarin da aka yi shi da shi ne ke yanke launin. Henry Round ya lura da alamar abin a Ingila a 1907. Oleg Losev ya yi bincike mai zurfi a kansa a Rasha a shekarun 1920, ya rasu a 1942 cikin ƙawanyar da aka yi wa Leningrad ba tare da ya ga amfaninsa ba. A 1962 Nick Holonyak na kamfanin General Electric ya yi ja na farko mai amfani. Shekaru da yawa bayan haka, an fi sanin LED a matsayin ɗan jan ɗigon da ke jikin rediyo da talabijin.

Shuɗi ne ya ƙi samuwa. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a jami'ar Nagoya suka buɗe hanya a ƙarshen shekarun 1980, sannan Shuji Nakamura, injiniya a wani kamfani mai suna Nichia a tsibirin Shikoku, ya fito da shuɗi mai ƙarfi a 1993. Tukuicin da kamfanin ya ba shi yen 20,000 ne, abin da ya kai su kotu har aka sasanta a kan yen miliyan 840 a 2005. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2014. Ga matuƙin jirgi, shuɗin nan ya kawo abu biyu. Daga dangin sinadarinsa aka sami kore mai ƙarfi na gaske, domin koren LED na da mai rauni ne kuma ya karkata ga rawaya. Sannan da aka lulluɓe shuɗin da wani garin sinadari mai fitar da rawayan haske, sai ido ya ga fari, kuma a 1996 farin LED ya shiga kasuwa. Wannan farin ne ya kori fitilar ƙwai da aci-bal-bal daga teburan masu shayi da masu tsire a Kano da Damagaram, a daidai shekarun da yake hawa jigon jirage a Turai.

Lissafin batir ya kife. Fitilar ƙolin jigo da ke shan wat 25 ta koma wat 2 ko 3, abin da take ci a dare guda ya sauko daga ma'auni 23 zuwa 2 ko 3. Ƙaramin faifan sola ya isa ya maida wannan kafin azahar. Jan LED kuma ja yake haifarwa tun daga tushe, ba sai an yi farin haske an zubar da mafi yawansa ba. Babu zaren da girgizar teku za ta tsinke, don haka hawa jigo mai mita 12 ko 15 a kan 'yar kujerar igiya don canja ƙwai ya ragu. A ganina babbar nasarar ita ce uzurin tafiya a duhu ya ƙare. Abin da shekaru 150 na doka suka kasa tilastawa, arahar wuta ta sa an yi shi ba gardama.

Inda aka koma ga gilashi

Cikin ɗakin jirgi canjin ba wuya. A zare ƙaramin ƙwan halojin mai ƙafa biyu, wanda ke zafi har ya ƙona yatsa, a soka na LED a gurbinsa. Wasu ba sa kamawa sai an juya su, domin LED ta fuska ɗaya yake karɓar wuta. Na farko-farko haskensu fari ne fat mai sanyi kamar na ɗakin tiyata, mutane suka yi ta ƙorafi har aka sami masu ɗumin launi. Wutar jirgi kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya, takan sauko ƙasa da bolt 12 in batir ya gaji, ta haura 14 in inji na caji, saboda haka ƙwai mai araha da ba shi da abin daidaita wuta ba ya daɗewa. Duk waɗannan asarar kuɗi ce kawai.

A waje ne gizo ke saƙar. Mutum ya hau jigo, ya buɗe tsohuwar fitilarsa mai launi uku, ya cire ƙwai mai zare, ya sa farin LED mai gindi iri ɗaya. Ta kama, ta ma fi da haske, ya sauko yana murna. Bai san ya maimaita kuskuren wanda zai sa farar wuta a bayan shuɗin gilashin kananzir ba. Gilashin nan don hasken zare aka yi shi, mai yalwar ja da ƙarancin shuɗi. Farin LED mai sanyi akasin haka ne. A bayan koren gilashi sai ya fito shuɗi-shuɗi, launin da ba shi da ma'ana a harshen fitilun gefe. A bayan jan gilashi kuma sai ya dusashe, tunda jan da gilashin zai bari ya wuce kaɗan ne tun farko. Farin LED mai ɗumi ya rage matsalar, shi ya sa masu sayarwa na kirki ke nace wa a kansa.

Sai maganar iyaka. Zaren tsohon ƙwai siriri ne a tsaye kamar allura, don haka inda ja ya ƙare kore ya fara layi ne mai kaifi. Dokar ta ce hasken fitilar gefe ya yanke cikin digiri 1 zuwa 3 bayan iyakarsa ta gaba. Ƙwan LED na musanya kuwa tarin ɗigo-ɗigo ne kewaye da wani ɗan turmi mai kauri, kuma haske mai fitowa daga wuri mai faɗi ba ya yankewa da kaifi. Sai a sami faffaɗan yanki inda mai kallo ke ganin launi biyu a cakuɗe, ya kasa sanin ko kansa aka nufo ko wucewa ake yi. Ga kuma karkata. Jirgin ƙyalle a karkace yake tafiya in iska ta cika ƙyallensa, shi ya sa dokar ta ce fitilarsa ta riƙe aƙalla rabin ƙarfin da ake buƙata har zuwa digiri 25 sama da ƙasa. Zare yana watsa haske ko'ina, LED kuwa gabansa yake kallo, kuma wanda ba a tsara shi da kyau ba yana iya haska ruwa ta gefe ɗaya da sararin sama ta ɗaya gefen. Takardar amincewa da fitila ta ƙunshi gidan da gilashin da ƙwan da aka gwada su tare. Wanda ya canja ɗaya ya fita daga abin da aka gwada, kuma in tsautsayi ya faɗa, lauyoyi da kamfanin inshora za su so su san me ke cikin fitilar. Shi ya sa na fi yarda da masu cewa a cire fitilar gaba ɗaya a sa sabuwa rufaffiya, mai jan LED da kore da fari kowanne a gidansa, ko da kuɗinta ya ninka. Ita ma da nata hali: ba ta mutuwa farat ɗaya kamar mai zare, dusashewa take yi a hankali cikin shekaru, ta yadda mai ita ba zai lura ba.

Matsala ta ƙarshe kuwa ba mai lagwani ko mai zare da ya taɓa saninta. Abin daidaita wutar da ke cikin ƙwan LED yana aiki ne ta hanyar kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, kuma in ba a killace shi da kyau ba sai ya zama ƙaramin gidan rediyo mai watsa hayaniya. Wanda ya taɓa jin rediyonsa na gajeren zango ya ɗauki ƙara da zarar an kunna wani ƙwai a ɗaki ya san abin. A jirgin ƙyalle, eriyar rediyon da ake kiran agaji da shi a ƙolin jigo take, taƙi ɗaya ko biyu daga fitilar. Na'urar AIS ma, wadda ke karɓar sunaye da matsayin jiragen da ke kewaye, a maƙwabtan wannan zango take saurare. Ranar 15 ga Agustan 2018 rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka, ta ambaci wata tasha inda cibiyar ceto ta kasa samun wani jirgi ta rediyo saboda fitilunsa na LED. Muguntar abin ita ce rediyon ba ya nuna alamar ciwo. Shiru kawai yake yi, matuƙi ya zaci ba mai kira.

Gwajin da gargaɗin ya bayar ba ya buƙatar kayan aiki. A kashe fitilun duka, a kai rediyo tashar da ba a magana, a murɗa maɓallin da ke toshe ƙara har ƙarar ta fito, sannan a maida shi kaɗan daidai inda ta ɗauke. Daga nan a kunna fitilun ɗaya bayan ɗaya. Wadda ƙarar ta dawo a kanta ita ce mai laifin, kuma in ta ƙolin jigo ce, sai a ɗauko kujerar igiya a nemi mai riƙe wa mutum igiyar a ƙasa.